DAMBEN LITTAFI

Na Ummukulsum Baballe

Shafi na 37-38

Masu cewa na bar Hambali kwance a cikin keji kwana uku ban waiwaye shi ba, ku yi min afuwa, wayata ce ta faɗa kanal garin ɗaukar hoton shinkafa. An shanya ta, ta farfaɗo. Wannan shafin naku ne 'yan Bunkure, musamman baiwar Allahn da ta kira ni tana kuka tana cewa ban kyauta ba.

*

Sau huɗu ke nan Murja tana mayar da bidiyon baya, kuma duk lokacin da aka zo wajen sai ta dafe baki.

"Don Allah Saude zo ki gani. Wallahi naushin ya yi kyau. Ji ƙara! Kamar an yar da kwandon tumatir daga saman tirela."

Saude ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta haddace bidiyon. Tun shekaranjiya da aka yi wasan a Kano yake yawo a wayoyin mutane, daga Kura har Madobi babu wanda bai gani ba.

Hambali ne a ciki. Ɗan baffansu, wanda Juma'a mai zuwa manya za su zauna su sa musu ranar aure shi da Saude. Yana cikin kejin nan na masu faɗan hannu da ƙafa, daga shi sai gajeren wando. Ya tsokani abokin karawarsa, wani mutumin Kaduna, da hagu sau biyu, ya goce, sannan ya kawo wannan naushin mai zagayowa ta gefe, wanda shi da ita suka raɗa wa suna lauje. Mutumin Kadunan ya zube, gwiwa biyu da tafin hannu a ƙasa.

Sai Hambali ya sauke hannu.

Ya juya baya, ya ɗaga yatsa sama, ya fuskanci gabas ya kai goshi ƙasa don godiya.

A dambe haka ne. Da hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa, turmi ya ƙare, sai kiɗa da kirari. A wannan wasan kuwa ba a gama ba sai alƙali ya ce an gama. Mutumin ya girgiza kai, ya miƙe, ya ɗare bayan Hambali ya naɗe masa wuya da hannu. Daga nan sai alƙali yana ɓamɓare shi, Hambali kwance a ƙasa.

A ƙasan bidiyon wani ya rubuta: Manomin Kura ya ɗauka damben kaka ne.

Gurbi ɗaya tak ake nema, na wanda za a tafi da shi horo Legas. Mutumin Kaduna ya tafi da shi.

"Yaya Murja ki kashe abin nan don Allah."

Murja ta kashe. Ta gyara wa jaririyarta kwanciya a cinya. Wankan jego ta zo yi gida, kwananta ashirin da uku, kuma tun zuwanta babu lungun da ba ta leƙa ba a gidan. Ta daɗe tana kallon ƙanwar tata kafin ta ce,

"Jiya ina neman zanen goyo na ɗaga katifarki."

Hannun Saude ya tsaya a cikin faranti.

"Na ga wasu takardu a cikin leda. Da hotunan ƙarti suna dukan juna. Na ce oh, ni Murja, me 'yar Malam Dattijo take yi da hoton maza ba riga a ƙarƙashin katifa? Sai na ga gefensu a miƙe sharr, irin yankan reza." Ta rage murya. "Daga littafinsa ne ko?"

Saude ta kawar da kai.

"Ke nake tambaya."

"Babi na tara ne."

"Na me?"

"Na abin da ake yi idan mutum ya faɗi."

Murja ta saki baki. Ta kalli wayar, ta kalli Saude, ta sake kallon wayar.

"Innalillahi. Saude. Ke kika kayar da shi."

Hawayen da take riƙewa kwana biyu suka zubo cikin shinkafar.

Wata takwas ke nan. Ranar da Hambali ya dawo daga Sabon Gari da littattafai uku a cikin buhu, tsofaffi, bangon ɗaya har ya cire, murna kamar wanda aka ba kujerar Makka. Shi karatun bokonsa bai wuce aji biyu na sakandare ba, mahaifinsa ya rasu, gona ta dawo kansa. Hotuna yana gane su. Turancin ne sai Saude, da ta gama kwalejin horon malamai take koyarwa a firamaren bayan kasuwa.

Kullum bayan la'asar shafi ɗaya. Ta karanta, ta fassara, ya saurara ido rufe. Washegari da ya gama ban ruwa sai ya je gindin mangwaron bakin kanal, inda ya rataye buhun taki cike da yashi da ƙaiƙayi, ya maimaita abin sau ɗari. Zanen tafin ƙafar da ke cikin littafin ma a lakar fangali yake kwafarsa da tsinke, ya taka, ya goge, ya sake takawa. Yakan ce bidiyo gudu yake yi ya bar mutum, littafi kuwa tsayawa yake ya jira ka.

Amma tun ranar farko, da ya bar mata su ta duba, ta ci karo da babi na tara. Mutum kwance, wani zaune a ruwan cikinsa yana sauke masa gwiwar hannu a fuska. Hoto bayan hoto. Ta kalli na ƙasan ta ga fuskar Hambali. Ta kalli na saman, nan ma ta ga fuskar Hambali, kuma wannan ya fi tsorata ta. Ta ɗauko reza.

"Ban ɗauka zai kai ga haka ba, Yaya. Na ɗauka in bai gani ba, ba zai yi wa ɗan kowa ba."

"To ai bai yi ba. Shi aka yi wa." Murja ta ja tsaki. "Wa ya sani bayan ni?"

"Babu."

"To tashi. Ga wuta can a ƙarƙashin tukunyar wankana. Ki cusa su ciki, ki tura da itace. Shi ke nan."

"Yaya..."

"Kar ki ce min Yaya. Juma'a saura kwana nawa? Kin san Hambali. Wanda ya daina gaisawa da Tambaya mai injin casa shekara guda saboda ya ɓoye masa cewa buhunsa ya jiƙe? Shi a yi masa laifi bai dame shi ba, ɓoyewar ce ba ya yafewa. Tashi na ce."

Saude ta tashi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ledar, ta zo ta tsuguna a gaban murhu. Ruwan wankan yana ta ɓararraka, ƙanshin ganyen darbejiya ya cika tsakar gidan. Ta zaro takardun. Tara ne, ta san adadinsu.

Ta miƙa hannu, zafin wutar ya fara lasar yatsunta.

"Salamu alaikum."

Muryar a dishe take, kamar ta wanda ya kwana uku yana tari. Amma ko a cikin barci Saude ta san ta.

Ba ta san sanda ta cusa takardun cikin hijabinta ba, ta matse su da hammata.

"Wa alaikumus salam, a'a, zakaran Kura!" in ji Murja. "Shigo mana. Mun ga aiki, wallahi mun ga aiki."

"Mai jego, ba kya raga wa kowa." Hambali ya shigo yana murmushi da gefen baki ɗaya. Idonsa na dama ya yi ja kamar an ɗiga jini, kuma in zai juya sai ya juya da kafaɗunsa gaba ɗaya. Ƙafarsa duk busasshiyar laka, daga gona yake. Ya leƙa fuskar jaririyar. "Ke dai kar ki biyo bakin uwarki. Umma fa?"

"Ta je barka Kadawa. Baffanka yana ɗaki yana jin rediyo."

"Bari na fara ganin malamata."

Murja ta ɗauki 'yarta ta nufi ɗaki. Da ta zo wuce Saude ta taka mata ɗan yatsan ƙafa, ta ce a hankali, "Bakinki."

Suka zauna a rumfar kusa da zaure, inda suka saba. Shi a kan turmin da aka kifa, ita a bakin tabarma. Ya ajiye wata baƙar leda a tsakaninsu.

"Malama, ɗalibinki ya faɗi jarrabawa."

"Sannu Yaya Hambali. Ya wuyan?"

"Yana nan inda Allah ya dasa shi. Haɗiyar tuwo ce dai sai da dabara." Ya kalle ta. "Kuka kika yi."

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙi." Ya gyaɗa kai da ƙyar. "Ni ma yau na sha hayaƙi. Na kai tumatir kwando goma kasuwar Kwanar Gafan, 'yan lodi suna hango ni sai duk suka juya min baya suka ɗaga yatsa sama. Har da masu furfura."

"Allah ya isa..."

"A'a, bar su. Ni ma da wani ne da na yi dariya."

Ya shiga ɓare lakar da ke ɗan yatsansa.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Na san dokar. Wallahi na sani. Kafin a fara alƙalin ya faɗa, Koci Fatihu mai ɗibar 'yan wasan ma ya faɗa min da Hausa. Kaina ya ji. Amma da mutumin nan ya zube, ban yi tunani ba, Saude. A cikin kejin nan babu lokacin tunani. Abin da jiki ya maimaita shi yake fitowa. Lauje na yi shi ya fi sau dubu goma, ya fito da kansa. Gocewa ta fito da kanta. Da aka zo wajen da ban taɓa maimaita komai ba, sai jikina ya koma wajen Baba."

Saude ta sunkuyar da kai. Marigayi Baffa Sammani, mahaifin Hambali, ɗan dambe ne da ya yi tashe a zamaninsa. Hambali yana ɗan shekara bakwai yake riƙe masa zaren naɗe hannu a fili.

"Ina jin muryarsa a kunnena, wallahi. Ya kai ƙasa, ɗaga hannunka, namiji ba ya ƙara wa na ƙasa. Sai na ɗaga."

"Ba laifinka ba ne."

"Haka Koci ya ce." Ya jawo ledar. "Shi ya sa na zo."

Ya zaro littafin. Babban, mai jan bango, wanda suka fara da shi.

"Bayan an watse ya kira ni gefe. Ya ce wa ya koya maka tsayuwa? Na ce littafi. Ya yi dariya, ya ce in daina wasa. Na ce wallahi littafi, da wata malama. Na ɗauko masa a jaka. Saude, mutumin nan ya zauna yana buɗawa yana girgiza kai, ya ce shekararsa goma sha biyar yana koyarwa bai taɓa ganin wanda ya ɗauki hannu daga takarda haka ba. Ya ce a gaishe ki."

"Ina amsawa."

"Sai ya zo nan."

Ya buɗe. Ya ɗora yatsa a kusurwar shafin hagu.

"Nawa ne wannan?"

"Ɗari da sha biyu."

"Wannan fa?"

"...Ɗari da talatin da ɗaya."

"Ni ban taɓa kallon lambobin nan ba, hotuna nake bi. Koci ya ce babi guda ne babu. Ya tale littafin, ya nuna min gindin takardun. Kin gani? Yankan reza ne."

Takardun da ke hammatarta suka yi mata nauyi kamar ta saɓa dutsen niƙa. Gumi ya fara jiƙa su.

"Tsohon nan ne," in ji Hambali. "Mai shimfiɗa littattafai a ƙasa a Sabon Gari. Na tambaye shi sau biyu, Baba cikakku ne? Ya ce ko wasali bai ɓata ba. Har addu'a ya yi min." Ya rufe littafin da ƙarfi. "Gobe in na sallami ruwa zan hau mota. Ko ya fito min da takarduna, ko na kwashe shimfiɗar tasa na zuba a kwata, kowa ya gani."

"Tsoho ne fa, Yaya."

"Da tsufansa ya cuce ni. Shekara guda, Saude. Koci ya ce ba za a sake ɗiba ba sai baɗi war haka. In kai baɗi ina da shekara ashirin da takwas."

Ta tagar ɗaki Saude ta hango Murja ta ɗage labule, tana girgiza mata kai a hankali.

Abu ne mai sauƙi. Ta ce Allah ya huci zuciyarka, ta kawo masa ruwa, ya tafi. Wuta tana nan ba ta mutu ba. Gobe wani tsoho da ba ta taɓa gani ba zai yi ta rantsuwa a tsakiyar kasuwa babu mai yarda da shi, littattafansa suna iyo a kwata. Juma'a a raba goro da alawa.

Ni Ummukulsum da nake ba ku labarin nan, ban san me zan yi ba da ni ce.

"Kar ka je."

"Me?"

"Kar ka je Sabon Gari. Ba shi ba ne."

Ta sa hannu cikin hijabi. Takardun sun lanƙwashe, gefe ɗaya ya jiƙe. Ta ajiye su a kan littafin, ta janye hannunta.

Aka saki labulen taga.

Hambali bai taɓa su ba. Ya daɗe yana kallon hoton da ke sama. Rediyon Baffa yana ta sanarwar ɗaurin aure daga cikin ɗaki, wata akuya tana kuka a bayan katanga.

"A ina kika samo su?"

"Ni na yanke."

"Ke."

"Ni."

"Da me?"

"Reza."

"Yaushe?"

"Ranar da ka kawo su. Da ka koma gona."

Ya ɗago ya kalle ta da jan idon nan. Da ya yi tsawa da ta fi samun sauƙi. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

"Tun ranar farko."

"Yaya Hambali ka saurare ni, don girman Allah. Ka kalli hotunan. Ka kalla! Mutum yana kwance ba ya iya kare kansa, ana sauke masa gwiwar hannu a ido. Wannan ba wasa ba ne. Na yi kwana uku in na rufe ido su nake gani. Na ce ni da bakina zan karanta maka yadda za ka fasa fuskar ɗan wani? Ni zan fassara? In ka kashe mutum fa? In ka dawo min ka zama wani daban fa? Baffa Sammani da kansa bai taɓa..."

"Kar ki sa Baba a ciki."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Kin tambaye ni?"

"Na san ba za ka yarda ba."

"Kin tambaye ni?"

"A'a."

"Da kin buɗe kin ce Yaya wannan ba na so, ba zan karanta ba, da mun yi faɗa. Da na yi fushi kwana biyu, na uku na dawo da rake. Da na kai wa wani ya karanta min wannan kaɗai. Ko da na ce to, mu tsallake, amma na san akwai rami a wajen." Ya shafa wuyansa. "Wata takwas ina zaune a kan turmin nan. Duk abin da kika ce littafi ya ce, ban taɓa cewa nuna min ba. Kika ce a juya ƙugu, na juya. Kika ce a ɓoye haɓa, na ɓoye. Da muka gama na takwas na ce Malama saura me, kika ce saura motsa jiki. Har na ce ashe mun kusa sauka."

"Ka yafe min."

"A mota da za mu tafi na kira ki. Na ce akwai abin da na manta? Me kika ce?"

Ta kalli ƙasa.

"Me kika ce, Saude?"

"Na ce... babu. Na ce ka haddace littafin duka."

Ya gyaɗa kai.

Sai ya sa hannu ya ɗauki takardun, ya daidaita gefensu a gwiwarsa kamar yadda yake daidaita irin albasa, ya miƙa mata.

"Karanta."

"Yaya..."

"Ai ba mu yi na yau ba. Karanta min shafin farko."

Ta karɓa. Ta goge ido da bakin hijabi. Sai a lokacin wani abu ya faɗo mata. Ba ta taɓa karanta su ba. Ko layi ɗaya. Hotunan ta gani ta ɗauko reza, ta cusa a leda, ba ta ƙara buɗewa ba.

A saman shafin, kafin hoton farko, akwai wani ɗan akwati da aka yi wa baƙin rubutu mai kauri. Idonta ya bi layukan sau ɗaya.



Ta sake bi.

Ba zai sani ba. Tana iya farawa daga ƙasa, inda ake bayanin yadda ake dafe ƙirji da gwiwa. Tana iya cewa akwatin sunan mai ɗaukar hoto ne. Yana zaune yana kallon bakinta, ya rufe ido rabi kamar kullum, yana jiran abin da za ta ce littafi ya ce.

"Ina ji," ya ce.

Ta fara daga akwatin.

"Ya ce... Faɗuwar abokin karawarka ba ita ce ƙarshen wasa ba. Kar ka sauke hannu. Kar ka juya baya. Kar ka yi murna, har sai ka ji hannun alƙali a jikinka." Ta sauka layi na gaba. "Ko da ba za ka ƙara masa ko naushi ɗaya ba, ka ja da baya kana kallonsa. Ka sa abokin horonka ya riƙa faɗuwa da gangan, kai kuma kana tsayawa a shirye. Ka maimaita wannan fiye da duk wani naushi da ke cikin littafin nan."

Ya buɗe ido.

"Sake."

Ta sake, tun daga farko.

"Ko da ba za ka ƙara masa ba," ya maimaita a hankali. "Wato ba dole ne ma na dake shi ba."

"Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ban karanta ba. Hotunan kawai na..."

"Ba ki karanta ba."

"A'a."

Ya yi wata 'yar dariya da ta maƙale a maƙogwaronsa ta koma tari. Ya daɗe yana tarin, yana riƙe da wuya. Ta yunƙura za ta ɗebo ruwa, ya ɗaga mata hannu.

"Layi nawa ne?"

Ta duba. "Shida."

"Layi shida." Ya kalli sama, inda rufin rumfar ya ɓule. "Da na yi shi a bakin kanal. Da na sa ƙanena Amiru ya yi ta faɗuwa a fangali har sai ya gaji, tunda shi ma ba aikin da ya fi iyawa ke nan. Sati ɗaya ya isa."

"Zan karanta maka duka. Yau ɗin nan. Zan rubuta maka da Hausa, kowane layi, ka riƙe a hannunka. Baɗi..."

"Sauran biyun fa?"

"Me?"

"Littattafan. Na ƙafa da na gwiwa. Me kika cire a ciki?"

"Ban taɓa su ba! Wallahi tallahi ban taɓa su ba."

"Waɗanda kika karanta min fa? Duk haka suke, ko akwai inda kika ga bai yi miki ba kika gyara?"

"Yaya Hambali! Ka san ba zan..."

"Ta yaya zan sani?"

Bai faɗa da zafi ba. Tambaya ya yi, irin wadda ake jiran amsarta. Ta duba ko'ina a cikin kanta, ba ta samo abin da za ta ba shi ba.

Ya zare takardun daga hannunta a hankali. Ya buɗe littafin a ɗari da sha biyu, ya jera su a gurbinsu, ya rufe, ya mayar cikin leda ya ƙulle bakinta. Ya miƙe.

"Ɗauko min sauran."

Ta shiga ɗaki kamar mai tafiya a cikin ruwa. Murja tana tsaye a bayan ƙofa da jaririya a kafaɗa.

"Kin kashe kanki," ta ce da raɗa. "Na ce miki bakinki. Sai ki je ki durƙusa, ki kama ƙafarsa, ki ce sharrin shaiɗan ne."

Saude ta wuce ta. Ta ɗauko littattafan biyu daga kan akwati. A cikin na saman har yanzu akwai tsinken tsintsiyar da ta sa alama, inda suka tsaya ranar Laraba.

Ta kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, bai bari yatsunsu sun haɗu ba.

"Na gode da karatun da aka yi min," ya ce. "Koci ya ce an iya koyarwa."

"Don Allah kar ka yi min magana kamar baƙuwa."

Ya juya da kafaɗunsa gaba ɗaya. Ta ɗauka zaure zai nufa. Sai ta ga ya miƙe ta tsakar gida, ya wuce murhu, ya wuce igiyar shanya, ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifinta.

Ta bi shi da gudu, ba ko takalmi.

"Yaya Hambali. Me za ka ce masa? Ka bari ka huce. Ka bari sai gobe, don darajar iyayenka. Yaya!"

Ya tuɓe takalmansa, ya jera su a gefe.

"Salamu alaikum, Baffa."

Aka rage ƙarar rediyo.

"Wa alaikumus salam. Hambali ne? Shigo, shigo ɗana. Ka ga kuwa yanzu nake cewa a kira min kai. Maganar zaman Juma'ar nan ce."

Hambali ya ɗaga labule.

"Ni ma ita ta kawo ni, Baffa."